Rubutun da Yaya Ya Ɗaura a Damtse

Ina da shekara goma sha huɗu na ƙirƙiro wa wasu mutane harshe, mutanen da babu su. Haushi ne ya jawo. Wata ranar Lahadi muka cika ɗakin maƙwabtanmu a Birni muna kallon tele, aka sa fim na wasu halittu da suka sauko daga wata duniya cikin kumbo. Kawunansu kamar tulu, ido uku-uku. Da suka buɗe baki sai ga faransanci tsaf, irin na mushe, malaminmu na lissafi. Na tashi na fita. A ce ka ratso sammai ka zo, ka rasa yaren da za ka yi sai na lakwal, makarantar boko? Na ce ni zan yi musu nasu.

Babana baduku ne, kamar kakana. Yana da ƙananan ƙarafa da yake buga wa fata ado da su, wani ya fitar da tauraro, wani ƙafar kaza, wani zobe da ɗigo a ciki. Daga nan na ɗebo baƙaƙena, na karkata wasu, na ƙara wa wasu wutsiya, har suka kai talatin da ɗaya. Rubutun daga ƙasan takarda yake farawa ya hau sama, domin mutanena a ramuka suke zaune ƙarƙashin duwatsu, komai nasu fitowa yake yi. Duniyarsu ba ta da ruwa sosai. 'Yar Damagaram ce ta yi ta, me za a tsammata? Saboda haka kowace magana tana da siga biyu, ta mai jin ƙishirwa da ta wanda ya sha ya ƙoshi. Ruwa a harshensu "kilzu" ne, ɗan'uwa kuma "ommar". Na cika kaye guda, littafin rubutu, da bik, wato biro, ja da baƙi, ban nuna wa kowa ba.

Yayana ya ba ni shekara biyar. Baba ya koya masa dukanci, kuma kowa ya shaida ɗinkinsa ya fi na Baba kyau. Amma ya shiga pale, ƙungiyar samarin unguwa masu ɗaga ƙarfe da safe, su yi faɗa da na wata unguwa duk ranar da aka taka wani. Shi ne shef ɗinsu, shugaba. Ba wawa ba ne a lokacin. In za a fita faɗa yakan naɗe hannunsa na hagu da robar taya tun daga wuyan hannu har gwiwa, ya sa riguna masu kauri biyu, da wannan hannun yake tare adda. Sau nawa ya dawo da riga a yage, fata lafiya lau, Inna tana ɗinkewa tana kuka tana zaginsa.

Wata rana na dawo daga ɗiban ruwa na same shi a zaure da kayena a hannu.

"Wane ɗan iska ne yake rubuto miki wannan?"

"Ba kowa, Yaya. Ba ni abina."

Ban ga tahowar marin ba. Na ji dai kaina ya bugi bango, leɓena ya fashe, gishirin jini ya cika mini baki. Ya ɗaga hannu zai ƙara. Ni kuwa tun ina ƙarama ba na kuka in an doke ni, baki nake sawa, kuma bakina ya fi hannun kowa sauri.

"Hatimi ne," na ce. "Wata 'yar kilas ɗinmu, kakanta malami ne can wajen Damagaram Takaya. Maganin ƙarfe ne. Ka ci gaba da taɓa shi da wannan hannun naka mai datti, ka gani."

Hannun ya sauka a hankali. Ya duba takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya goge yatsunsa a wando. Sannan ya yage shafi ɗaya ya fita. So nake abokansa su yi masa dariya, iyakar niyyata ke nan, Allah ne shaidata. Abin da ke shafin nan darasin gaisuwa ne: "Ina mai ƙishirwa nake gaishe ka. Ramin naku da sanyi?"

Da kansa ya ɗinke shi cikin jar fata, ɗinki mai kyau, ya ɗaura a damtse. Washegari bayan la'asar suka taru a ƙofar gidanmu don gwaji. Ina leƙe ta zaure. Yaya ya cire riga, ya ɗaure ciki, wani abokinsa ya ɗora masa wuƙa ya ja, ya sake ja. Wuƙar da suke yanka taya da ita ce, ta dakushe tun bara, cikin Yaya kuma ɗaga ƙarfe ya mai da shi kamar gindin turmi. Farin layi kawai ya fito. Suka ɗau ihu, wani ya faɗi ƙasa yana birgima. Ba wanda ya yi dariya.

Kwana huɗu bayan haka aka yi faɗa a filin balo, inda ake buga ƙwallo. Yaya ya shiga tsakiyar 'yan wata unguwa da sarƙar babur, ya karya wa shef ɗinsu muƙamuƙi, aka ce sai da aka tsinci haƙoran mutumin cikin yashi. Shi kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Daga ranar magana ta ƙare. Yaransa goma sha biyu kowa yana son nasa, Yaya ya kawo mini farar takarda ya ce in kwafo musu.

Na kwafa. Ba zan yi wa kaina ado ba, daɗi na ji. Na rubuta wa wani sunayen kwanakin mutanena, wani kuma na ba shi yadda ake tambayar hanyar rijiya. Ƙartin da mutane ke kauce wa a hanya suka koma kirana Malama, suna karɓar takarda da hannu biyu. Akwai wani yaro da ya saba jan hijabina a hanyar lakwal. Suka kamo shi, suka durƙusar da shi a rana a gabana, suka yi ta zuba masa bel har bayansa ya tsage, har ya yi fitsari a wando yana kiran uwarsa. Ina tsaye da kayena a ƙirji, ban ce su bari ba. Na koma gida na ci tuwo na ƙara.

Abin da ya tashe ni daga wannan maye akuyarmu ce. Na zaga bayan ɗaki wata safiya na same ta tana taunar wata baƙar roba. Na ja na duba. Robar hannun Yaya ce, ga sawun sara nan birjik a jikinta, wani ya kusa ratsa ta. Na ƙirga guda tara. Kowane ɗaya a cikinsu da a kan ƙashinsa zai sauka. Ya jefar da ita, domin yanzu yana da darasin gaisuwa a damtse. Na tsuguna a wurin na yi amai.

Da rana na same shi shi kaɗai a rumfar Baba yana ɗinkin gidan wuƙa. Na buɗe masa kayen a shafin farko, inda na jera baƙaƙen, kowanne da sautinsa a gefe.

"Yaya, ƙarya na yi maka. Babu wani malami. Ni na ƙirƙiro shi, na mutanen fim ne. Duba, wannan ka ne, wannan la ne. Kwance naka in karanta maka."

Ya daɗe yana kallon shafin. Na ga idonsa yana bin layin daga ƙasa zuwa sama, yadda na nuna masa. Sai ya ajiye basilla, ya tashi, ya kama maƙogwarona da hannu ɗaya ya manna ni da bango har ƙafafuna suka bar ƙasa.

"In na sake jin wannan magana a bakinki, cikin gida ko waje, wallahi sai na karya ki. Kin ji ni?"

Ya sake ni na zube. Ya ɗauki kayen ya shiga gida ya cusa shi cikin murhun Inna, ya tsaya har ya cinye. Na ce a raina wannan jakin bai yarda ba. Ya kamata in je wurin Baba a ranar. Ban je ba. Tsoron dukan Baba ya hana ni, da tsoron abin da ƙartin nan goma sha biyu za su yi wa Malama in suka ji da me ta sallame su. Na zaɓi fatata, wannan ita ce gaskiyar.

Ranar Alhamis ce, da tsakar rana, muna dawowa daga lakwal. A bakin famfon unguwa mata sun yi layi da bidodinsu, jarkokin ɗiban ruwa. Sai ga mutanen mai karyayyen muƙamuƙi sun ɓullo ta lungu biyu, da adduna da gorori masu ƙusa. Mata suka watse, bidodi suna gangarawa, wata tsohuwa ta faɗi aka bi ta kanta. Na maƙale jikin wani kanti da aka rufe da sauri. Dutse ya fasa kan wani yaron Yaya, na ga jini ya rufe masa fuska gaba ɗaya yana lalube kamar makaho. Wani an kafa masa gora a kafaɗa, ƙusar ta maƙale, mai gorar yana ja shi yana bi.

Yaran Yaya suka fara ja da baya. Sai ya cire rigarsa ya jefar, ya buga jar layar da tafin hannu, ya yi gaba shi kaɗai. Suka bi shi da ihu. Na kira shi, na kira har muryata ta tsage, ba na jin ya ji. Ya kayar da mutum biyu da sarƙa. Na ukun dogo ne, ya kawo sara daga sama da hannu biyu. Yaya ya ɗaga hannun hagu ya tare, yadda ya saba.

Ƙarar irin ta rumfar mahauta ce. Hannun bai faɗi ba, ya rataya da 'yar fata, yana lilo. Yaya ya tsaya yana kallonsa. Wanda ya sare shi ma ya tsaya, sannan ya yar da addar ya ruga, sauran suka bi shi. Na isa wurin na cire hijabina na ɗaure masa damtse da shi, daidai kan layar, na ja da haƙora. Jinin yana da zafi, ya jiƙa ni har zani. Wani mai kabu-kabu ya ɗauke mu mu uku, ni da shi da wanda ya riƙe shi, zuwa likita.

A ƙasan gwiwar hannu suka yanke. Kwana uku ban iya shiga ɗakin ba sai in tsaya a taga. Ran na huɗu Inna ta tafi kawo abinci, Baba ya fita salla, Yaya ya ɗago ido ya ce in shigo. Na durƙusa a bakin gadon, bakin nan nawa mai sauri ya kasa komai sai abu ɗaya.

"Na gaya maka, Yaya. Me ya sa ba ka yarda ba?"

"Wa ya ce miki ban yarda ba?" Muryarsa ta dushe. "Tun kina nuna mini layin farko na gane. Ƙafar kazar Baba ce, ni da nake buga ta kullum."

"To don me ka jefar da robar? Don me ka cire riga?"

"Yara sha biyu sun ɗaura abin nan don sun ga na ɗaura. In na mai da roba, me zan ce musu? Ƙanwata ta yi mini wasa?" Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Kada ki gaya wa Baba. Na ce masa wani malami ne ya ba ni. Bar shi a haka."

Na bar shi a haka. Yaya ya koma rumfa bayan ya warke, amma dukanci hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe fata ɗaya ya huda. Baba ne ya zama mai riƙe masa. Shekara goma sha ɗaya suna zaune gwiwa da gwiwa, tsoho yana riƙe, ɗa yana ɗinki. Duk lokacin da fata ta zame, Baba yakan ɗaga kai ya ce Allah ya isa tsakaninsa da malamin nan, Allah ya hana shi kwanciyar kabari, shi da duk wanda ya kai masa tawada. Sau da yawa ina tsaye a wurin da kwanon abincinsu. Sai ya dube ni ya ce, "Ke ba za ki ce amin ba?"

Ina cewa.