Injin Tace Iskar Inna

Daga Tsanyawa har Kunci, ni kaɗai ne na taɓa bai wa iska umarni ta bi. Ban faɗa don alfahari ba. Tarihi ne kawai nake adanawa, tunda ba wanda ya ɗauki nauyin yi mini.

Da kakar bara tarin Inna, mahaifiyata, ya tsananta. Ana sussukar gero a kowane gida, ƙaiƙayi na tashi, ga hayaƙin kara daga murhu. In ta fara tari, kaji sai sun bar tsakar gida. Na shiga Kano na sayo injin tace iska na hannu, fari sol, mai kama da ƙaramin rumbu. Manhajarsa ta waya ta ƙi buɗewa, wai ba ta san ƙasarmu ba. Ni kuwa malamin kwamfuta ne, ba a yi mini haka. Na haɗa shi da sola da intanet ɗin gida, na koma sarrafa shi ta baƙin allon nan da ba hoto ba maɓalli, sai dai ka rubuta umarni da hannunka.

Daga makaranta nake mulkina. In rubuta layi guda, injin ya tashi a ɗakin Inna. In rubuta wani, ya ba ni rahoton iska. Rahoto kuwa kullum tas, ko Aljanna sai haka. Na tara malamai suna kallo. Malamin Larabci ya ce, "To, ita Innar ta daina tarin?"

"Malam, ga lamba a gabanka kana tambayar tari?"

Da safe a tsakar gida nake gaishe ta, tana tari, ina ce mata ragowa ce, ta kusa fita. Ɗakin ban leƙa ba. Mai baƙin allo me zai yi da leƙe?

Ran Juma'a na ja malamin har gida ya ga abin da idonsa. Muka yi sallama muka shiga ɗakin Inna. Hayaƙi ya tarbe mu, inji babu shi babu dalilinsa. Sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa daga cikin kabet ɗin kwanukanta.

Na buɗe. Ga shi zaune tsakanin tasoshin aurenta, an lulluɓe shi da farin leshi, an bar wa wayar wutarsa 'yar kafa. Yana ta tace iskar kabet da iya ƙarfinsa.

"Inna, wa ya sa shi nan?"

"Ni mana. Abu fari haka, mai tsada, in bar shi a fili hayaƙi ya lalata maka?"

"Ai hayaƙin ne aikinsa. Kullum kwamfuta tana nuna mini iskarsa ƙalau."

Ta yi tari mai tsawo, ta share ido da bakin mayafi, ta dubi malamin Larabci.

"To madalla, Malam, shi dai ya warke. Ka ce wa abokinka saura uwarsa."