Ranar da Jikarsa Ta Hau Lilo

Shekara ashirin Baban Lilo yana kunna babban lilon filin wasa, gabansa bai taɓa faɗuwa ba. Sai ranar da 'yarsa ta zo rungume da jaririyarta 'yar wata bakwai, ta zauna a kujera ta huɗu.

"Baba, kunna mana."

Ya kunna. Kujerar na yin sama ya tuna da safe ya fara ɗaure notinta, amma ya kasa tuna ko ya ƙarasa. Ya kafa wa kujerar ido, yana sauraron kowace ƙarar ƙarfe.

Zagaye ɗaya ya tsayar, ya karɓe jikarsa. Barcinta take yi. Ya ɗauko sifana ya duba. Notin a ɗaure yake tam, amma ranar bai sake kunna lilon ba.