Sallamar da Sufyanu Bai Amsa Ba

Sufyanu kafinta ne a Agiye, amma a Gangara aka haife shi, gidan masassaƙa. Turmi da ƙotar fartanya ya tashi yana yi, da gizago. Gizago kuwa in an kira ka, sai ka aje shi ka amsa. Da ya dawo Agiye ya samu injin zarto mai aiki da wuta, sai ya ɗauka shi ma haka yake.

Wata rana yana tura katako wani ya yi sallama, ya waiwaya ya ce wa alaikumus salam. Ko kafin ya rufe baki yatsu biyu na hannun hagu sun tafi. Ya ce bai ji zafi ba, ya dai ga dusar katako ta yi ja. Aka kai shi likita aka ɗinke. Har yau wurin ba ya jin sanyi, ba ya jin zafi.

Tun daga nan, in inji na juyawa Sufyanu ba ya amsa kowa. Ya naɗe hannun riga, ya tura katako da sanda, idonsa a kan haƙoran zarto. In ya kashe ma sai ya jira ƙarfen ya tsaya cik. Ƴan tashar da ke kusa da shagonsa suka sa mashi Kurma.

"Kurma, an ce gidanka na ci da wuta!"

Sai ya gama ya ce, "To, ku kai ruwa mana."

Matarsa Habsatu ɗiyar makiyaya ce daga wajen Cadawa. Ubanta, Bappa Buba, shi ya ba Sufyanu ita lokacin da dangi ke cewa me za a yi da mai sassaƙa. Ran wata kasuwa tsohon ya zo da kansa, abin da bai taɓa yi ba, don katakon amalankensa ya karye. Ya tsaya a bakin shago ya yi sallama. Sufyanu ya gan shi ta wutsiyar ido, amma dogon katako na tsakiyar zarto, in ya saki zai iya dawowa ya buge shi a ƙirji. Tsoho ya sake sallama, ya yi ta uku, ga mutane na kallo. Da ƙarfe ya tsaya, ba kowa a ƙofa.

Washegari Sufyanu ya bi shi ruga, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa, ya ɗaga hannun nan ya yi bayani.

Bappa Buba ya ce, "Ko nagge in ka kira ta tana ɗaga kai."

"Bappa, inji ba ya san suruki."

"Inji ban ba shi ɗiya ba."

Aka kai amalanken can garin Gazawa aka gyara. Tsoho ya daina cin abin da aka aiko daga gidan Sufyanu, sai dai a raba wa yara. Habsatu ta yi kuka, ta yi zarya, ta gaji. Daga baya ta kwashe ƙwaryar furar da take sayarwa ta dawo da ita ƙofar shago, don liman ya ce in mutum ɗaya ya amsa sallama ta wadatar. Yanzu duk wanda ya zo ita ke amsa mashi, ta ce ya zauna, mai gida na kan inji.

Bara da kaka Bappa Buba ya rasu, bai sake tako shagon ba. Ɗansa Rabo ne ya zo da labari, ya faɗa wa Habsatu a ƙofa. Sufyanu ya ga ta zauna ƙasa, ya gane. Ya ƙarasa tura katakon, ya kashe inji, ya jira ya tsaya, ya zare waya daga bango. Sannan ya warware hannun rigarsa ya tambayi Rabo ko an riga an kai shi.