Simintin Tsakar Gidan Inna

Abubuwa da yawa sun faru da ni a gidan aure waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma shekarar da aka zuba wa tsakar gidanmu siminti, wannan kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba na jin za ta fita daga raina.

Ina gama sakandare aka kai ni wani ƙauye kusa da Dandamisa, a ƙasar Makarfi. Maigidana manomin rake ne, kuma shi ne autan maza, don haka shi ya zauna a gidan gado tare da mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Inna. Tun kafin in zo gidan hawan jinin ido ya tafi da ganinta. Sai dai baƙo zai yi wuni guda a gidan bai gane ba. Ba ta riƙe sanda a cikin gida, ba ta laluben bango. Takalmi kawai take cirewa, ta miƙe daga ƙofar ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa madafi, kamar mai ido biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gyare-gyarenta. Tana da wata tsohuwar samira mai murfi a ƙarƙashin gado, a ciki akwai 'yar guduma, da zare, da ƙusoshi manne a jikin maganaɗisun da ta sa aka ciro mata daga matacciyar rediyo. In ƙusa ta faɗi ƙasa, sai ta zagaya da shi, ka ji ƙas, ta kama. In za ta buga ƙusa kuma, sai ta soke ta a guntun kara, ta riƙe karan daga nesa, yatsunta ba sa kusa da bakin guduma. Da haka ta gyara ƙofar akurkin kaji, da ƙafar kujerar tsakar gida. Murhu kuwa duk shekara ita ke sake yaɓe shi.

Ran nan ina amarya na ce, "Inna, kawo in buga miki mana."

Ta ce, "Ke da idonki, ba ke ce jiya na ji kina salati kin daki yatsa ba? Zauna ki ga yadda ake yi."

Tsakar gidan daɓe ne irin na da, wanda ita da kanta take sabuntawa bayan kaka. A cikin daɓen akwai layi-layi na tsingaro, wani na tsakuwa, wani na marafan kwalba. Ni duk a zatona ado ne irin na tsofaffi, ko dabarar hana ruwa cin ƙasa. Haka kowa ya ɗauka, ita kuma ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

Babban wan maigidana, wanda muke kira Yaya, yana aiki a Kaduna. Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna tana yi masa kunyar nan ta ɗan fari sosai. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan na Kaduna". In ya durƙusa yana gaishe ta, takan amsa a taƙaice ta juya ta tambaye ni ko na ba kaji ruwa. Shi kuwa Allah Ya sani yana son uwarsa. Wata damina ya zo ya tarar da tsakar gida ta yi taɓo, ya tsaya yana kallon ƙafafunta cikin laka, na ga ransa ya sosu.

Da rani ya shigo, ƙanwarsu da ke aure a Likoro ta haihu, aka kai Inna can ta zauna da ita har a yi arba'in. Yaya ya ga dama ta samu. Ya turo birkiloli da yashi da buhunan siminti, ya ce kada a gaya mata, yana so ta dawo ta tarar. Aka shafe tsakar gida sumul tun daga bakin zaure har ƙofar bayi. Ɗakinta ma aka yi masa filasta da fenti, aka cire tsofaffin ƙusoshi da tsummokaran da ke jikin bango, aka mayar da gadonta gindin taga don ta riƙa shan iska. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna sa wa Yaya albarka. Ni ma murna nake, ina cewa shara ta zo da sauƙi.

Ranar da ta dawo, har yau ina ganin abin a idona. Ta fito daga zaure, ta cire takalmi kamar yadda ta saba, ta taka. Sai ta tsaya cak. Na ga babban yatsan ƙafarta yana shafa ƙasa, dama da hagu, yana neman wani abu.

"Wannan fa?"

Maigidana ya ce, "Siminti ne, Inna. Yaya ne ya yi miki. Kin rabu da taɓo."

Inna ta ce, "Allah Ya yi albarka. Allah Ya sa nasa su yi masa." Daga nan ta miƙo hannu gefena ta ce, "'Yar nan, kai ni ɗaki." Tunda na zo gidan ban taɓa jan ta ba sai ranar. Muka ce gajiyar hanya ce.

To, gajiyar ba ta tafi ba. Inna ta daina fitowa. Alwala a ɗaki, a cikin roba. Kaji suka koma hannuna, samirar kayan gyara ta yi ƙura. In na kai mata kunu sai ta kurɓa kaɗan ta ture, ruwa ma sai na yi da gaske. Daga baya na gane rage sha take yi don kada ta yawaita kirana in raka ta bayi. Cikin ɗan lokaci ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Maigidana ya kira Yaya a waya ya ce tsufa ya sauko wa Inna gaba ɗaya. Yaya ya ce ba zai bar ta haka ba, ƙarshen wata zai zo da mota ya tafi da ita Kaduna, ta zauna kusa da asibiti.

Da aka gaya mata, "To" kawai ta ce. Sai da maigidana ya fita na ji tana faɗa ƙasa-ƙasa, ba da ni ba, "A ɗakin nan fa na haife su duka."

Wata la'asar na dama fura na kai mata, na tarar tana salla. Na tsaya bakin ƙofa ina jira, sai na lura da inda ta fuskanta. Kudu take kallo. Baiwar Allah da ba ta wasa da nafila, balle farilla, ga ta tana sujada ba a alƙibla ba. Na ajiye kwanon na zauna, ina ta tunanin ko in yi shiru kada in karya mata zuciya. Amma na ga in na yi shiru, gobe ma haka za ta yi. Da ta sallame ta shafa addu'a, na matsa kusa.

"Inna, gabas tana nan ta hannunki na hagu."

Can ta ce, "Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Inna. Yau na gani."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Ƙusata suka cire. Akwai ƙusa a bangon gabas, na ɗaura mata tsumma, daidai kafaɗata in ina zaune. Ita nake taɓawa in shimfiɗa sallaya. Na nema na rasa, sai na riƙa kwatantawa da gado, ashe shi ma ba a inda na bar shi yake ba."

Na gaya mata abin da aka koya mana a Islamiyya, cewa Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba bayan ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta gyaɗa kai. Kamar wadda aka buɗe wa baki, sai ta ci gaba. Ashe layin tsakuwa shi ne hanyar randa. Tsingaro hanyar bayi, marafan kwalba hanyar madafi. Tun lokacin da ganinta ya fara dushewa ta zauna ta dasa su da hannunta, tana sauri kafin duhun ya rufe.

"A gidan nan ƙafata ce idona, 'yar nan. Yanzu ko'ina ɗaya ne. In na fita kamar an ajiye ni a tsakiyar fili."

Na ce, "To Inna, me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Wancan na Kaduna? Yaro ya yi abu don ya faranta mini, in buɗe baki in ce ya ɓata? Ai gara in zauna."

Na jawo samirar daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe ta. Na kama kafaɗunta na juya ta gabas, na ɗora tafin hannunta a bango. Ta soke ƙusa a kara, ta buga da kanta, bugu mai ƙarfi irin wanda na daɗe ban ji ba a gidan. Ta yagi bakin wani tsohon zane ta ɗaura. Ranar ta shanye furar nan tas.

Da maigidana ya dawo daga gona na kwashe komai na gaya masa. Ya riƙe kai.

"Yanzu so kike in ɗauki guduma in fasa simintin Yaya? Ni?"

Na ce, "Ba fasawa za ka yi ba, 'yar hanya za ka sassaƙa. Ko kuwa ka fi so a tafi da ita?"

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakinta, sannan ya ce akwai ragowar siminti a zaure.

Washegari da hantsi muka fara, kuma Inna ce shugabar aiki. Ta sa aka ɗaura igiyar guga daga ƙofarta zuwa gindin randa, aka ja ta ta miƙe. Maigidana yana bin igiyar da guntun rodi da guduma yana fitar da siririn rami. Ita kuma tana zaune a kujera tana zaɓen tsakuwa da yatsu, mai kaifi ta jefar, mai santsi ta ajiye a faranti. Wajen kwaɓi muka ɗan yi gardama, don na ce siminti ba laka ba ne, yana cin hannu. Da ƙyar ta yarda na ɗaura mata leda mai laushi, tana mita wai na sa wa yatsunta hijabi. Tana cusa kwaɓin da bayan cokali, tana dasa tsakuwa, tana shafawa.

"Kada ta yi tsini ta sa ni tuntuɓe, kada kuma ta nutse in rasa ta. Kamar ƙwayar masara za ta leƙo."

Muka riƙa yayyafa wa layin ruwa safe da yamma har ya kama. Muka yi na madafi. Muna tsakiyar na bayi ne, tun wata bai ƙare ba, muka ji tsayuwar mota a waje. Sallamar Yaya ce.

Ya shigo cikin farar shadda, ya ga igiya, ya ga ƙura, ya ga ƙaninsa tsugune da guduma a kan simintinsa. Fuskarsa ta canza.

"Wane ne ya sa a yi wannan?"

Maigidana ya fara in-ina. Inna kuwa ta juyar da kai gefe, ta ci gaba da goga tsingaro a dutse tana kashe masa kaifi, kamar ba ta ji shigowar kowa ba. Na ga in ban yi magana ba babu mai yi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mutanen gida da hanya, sannan na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba raina aikinka aka yi ba." Na ba shi labari tun daga ranar da ta dawo, da rage shan ruwa, har zuwa sallar da na tarar. Ban rage komai ba.

Ya dubi layin tsakuwar, ya dubi ƙafafun Inna. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a igiyar shanya, ya cire takalmi, ya miƙa wa ƙaninsa hannu. "Ba ni gudumar."

Ya tsuguna ya fara sassaƙa. Mutumin ofis ne, hannun bai saba ba. Inna ta bari ya ɗan yi nisa, ta sunkuya ta bi ramin da yatsa, ta taɓa igiya.

"'Yar nan, ki ce wa mai gudumar nan ya bi igiya. In ya ci gaba a haka, cikin akurkin kaji zai kai ni."

Maigidana ne ya fara fashewa da dariya, ni na rufe baki da mayafi. Yaya yana dariya yana share ido da bayan hannu, ya ce, "A gaya mata an ji, za a gyara."

Rana ta ɗaga, zufa ta jiƙa masa 'yar ciki. Sai Inna ta ajiye tsingaron ta miƙe. Na yunƙura zan kama ta, ta ɗaga mini hannu. Ta laluba da yatsan ƙafa har ta taka tsakuwa, ta saita jikinta, ta tafi tiryan-tiryan har gindin randa, mu duka muna kallo ba mai ko tari. Ta buɗe faifai, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta dawo ta tsaya daidai inda take jin numfashinsa. Ba ta ba shi ba, ni ta miƙo wa.

"Ungo, ba ma'aikacin naku ruwa."

Yaya ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Bai ƙara tayar da maganar Kaduna ba. Da yamma motar ta koma ba kowa a kujerar baya, sai damin rake a but.

Inna ta yi sauran shekarunta a ɗakinta, tana ba kajinta ruwa, tana yaɓe murhunta, har Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙanta da rahama. An sake fentin ɗakin bayan rasuwarta, amma ƙusar tana nan da tsummanta, Yaya ya ce kada wanda ya taɓa.

Abin da na koya shi ne, in za ka gyara wa wanda ba ya gani muhallinsa, fara tambayarsa kafin ka cire ko da ƙusa ɗaya, don abin da idonka ya gani tarkace, wataƙila da shi yake gane hanya. Kuma kada jin "Allah Ya yi albarka" ya sa ka juya ka tafi. Iyayenmu sukan gode ko da abin ya cutar da su. Ka tsaya ka ga yadda suke takawa.