Ranar da Margret Ta Zaga Abuja Ita Kaɗai

Duk wanda ya saba shiga motar Gella daga Mubi ya san rumfar Margret, ko da bai san sunanta ba. Tana nan bakin tasha, rumfar kwano ce mai benci biyu da labulen atamfa da rana ta cinye. Da safe kunun gyada da ƙosai, da rana tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyada, ranar kasuwa kuma ta ƙara da busasshen kifi. Direbobi na kiran ta Maman Kwaji. Haifaffiyar Digil ce, 'yar manoma, mijinta Nehemiah yana koyarwa a firamare.

Ba mai hayaniya ba ce. Idan ka ɓata mata rai ba za ta ɗaga murya ba, sai dai ta dube ka ta ci gaba da kwasar tuwonta. Amma ba ta mantuwa. Akwai wani direba da ya taɓa cewa a gaban mutane miyarta ruwa ce zalla. Tun daga ranar bai sake cin lomarta ba. Ko aike ya yi, in ta gane kwanonsa ne, sai ta ce abinci ya ƙare, alhali tukunya na tafasa a gabanta.

Mutum ɗaya ce a duniya Margret ke yi wa uzuri, ita ce Eva. Tare suka tashi a Digil, tare suka yi firamare, tare aka yi musu baftisma. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi kowa ya watse, tare suka bi daji da ƙafa. Ƙafar Eva ta kumbura a hanya har ba ta iya takawa, Margret ce ta goya ta suka haye rafi, ga nata ɗan a hannu. Da ƙura ta lafa Margret ta dawo ta sake kafa rumfarta. Eva kuwa daga Yola ta zarce Abuja, ta auri wani ma'aikacin gwamnati, ta fara karɓar kwangilar abincin biki, su jalof da soyayyiyar shinkafa da kek. Duk da haka ba su rabu ba. Kusan kullum suna waya, kuma in Eva ta zo Kirsimeti a gidan Margret take fara sauka kafin ta wuce Digil.

Wata rana bayan girbi Eva ta kira ta.

"Magi, wai ke ba za ki huta ba ne? Kullum hayaƙi, kullum murhu. Ki zo Abuja ki ga gari, ki zauna a ba ki abinci ke ma ki ci. Ni zan yi miki komai."

Margret ta yi dariya ta ce wa za ta bar wa rumfa. Eva ta nace, ta ma faɗi makon da take so ta zo. Ta ce in za ta taho ta riƙo mata jar dawa da gyada da busasshiyar yakuwa da yawa, tana marmarin abincin gida.

Nehemiah ya ce ta je, ai ta cancanta. Ta ɗinka sababbin kaya, ta rufe rumfar da ba ta taɓa rufewa ba sai ranar Lahadi. Ban da abin da Eva ta ce, ta ƙara da daddawar da ta yi da hannunta da kifi mai kyau da man gyada, tsarabar ƙawa. Tafiyar ta karya mata baya, amma da ta ga Eva a tasha ta buɗe hannu tana kiran "Magi na!" duk gajiyar ta tafi.

Kwanakin farko sun yi daɗi, wannan ko Margret ba ta musu. Eva ta zaga da ita a mota ta nuna mata babban coci da babban masallaci, da tituna masu faɗi da babu ko akuya a kansu. Ta nuna mata dutsen Aso, Margret ta ce, "Wannan ne ake ta zuzutawa? Ku zo wajenmu ku ga duwatsu." Suka ci kilishi, suka ci shawarma, Margret ta buɗe tata tana duba abin da aka cusa a ciki. A wani katafaren kanti suka tarar da matakala mai tafiya da kanta. Margret ta sa ƙafa, abin ya ja ta, ta ƙwalla ihu ta rungume ƙarfen gefe, ɗankwalinta ya zame. Eva na sama tana ɗaukar ta bidiyo da waya. Su biyu suka yi ta dariya har da hawaye, kamar lokacin suna 'yan mata.

Ana nan ranar Juma'a Eva ta ce tana da baƙuwa, ko Magi za ta ɗan tuƙa tuwo ta yi miyar nan tata. Margret ta shiga kicin da murna. Baƙuwar ta iso da rana, wata mace mai jiki da gwala-gwalai, Madam Vanessa. Mijinta mutumin Michika ne, can yankinsu Margret, babban ma'aikaci da ya yi ritaya, washegari Asabar za a yi masa liyafa, kuma Eva ce ta karɓi kwangilar abincin. Dattawan gida za su zo da yawa, shi kuma ya ce ba ya son shinkafa, abincin gida yake so.

Margret ta kawo tire ta ajiye, tana shirin zama a kujera, sai Eva ta ce, "Gaishe da Madam mana. Sai ki koma ki kula da wutar."

Muryar ba ta Eva da ta sani ba ce. Margret ta gaishe da matar ta koma, amma ta tsaya a bayan ƙofar kicin.

Madam Vanessa ta kai loma ta lumshe ido. "Kai! Rabona da irin wannan miya tun uwar mijina na da rai. Wace ce wannan matar?"

Eva ta juya harshe zuwa Turanci, kamar ba tare suka zauna aji ɗaya ba. "Mai aikina ce, daga ƙauyenmu na ɗauko ta saboda bikinku. Ni na koya mata, yanzu hannunta ya faɗa. Tausayinta nake ji, ba su da komai. Ba ta taɓa fita ko'ina ba, bari ma ki ga abin dariya."

Sai Margret ta ji ihunta na kan matakala yana fitowa daga waya. Ta ji matan biyu sun fashe da dariya. Ta ji an sake kunna shi.

Ta dubi buhun dawa da ke jingine a kusurwa, da gyadar, da yakuwar. Yanzu ta gane dalilin da ya sa aka zaɓa mata mako, da dalilin da ya sa aka ce ta kawo da yawa.  Ga robar gishiri a gabanta, ta daɗe tana kallon ta, tana raya yadda gobe za ta juye ta duka a tukunya. Sai ta ga a'a. In ta ɓata miya, ita za a zaga, a ce 'yar ƙauye ba ta iya ba, Eva ta fita fes.

Da baƙuwa ta tafi, Eva ta shigo kicin da fara'arta, ta rungume ta ta baya. "Magi, kin fitar da ni kunya. Don Allah gobe ki taimaka mini da na bikin nan, abin ya zo mini ba shiri."

"Me zai hana, ƙawata?"

"Ko in nemo wata mai tuwo ta kama miki? Mutanen da yawa fa."

"Kar ki nemo kowa," in ji Margret. "Hannu biyu ɓata miya yake yi. Ki bar mini komai, ke ki je ki ji da wurin taro."

Da safe Eva ta fita da wuri don shirya zauren biki, ta ce mota za ta zo ɗaukar abinci da azahar. Margret ta raka ta har bakin ƙofa tana ɗaga mata hannu. Sannan ta koma ta yi wanka a tsanake, ta saka mafi kyawun kayan da ta ɗinka, ta ɗaura ɗankwali ya zauna daram. Garin dawa da gyada da yakuwa ta bar su inda suke, ai saƙo ne. Amma daddawa da kifi da man gyada ta mayar cikin jakarta. Ƙawa ta kawo wa su, ba uwar ɗaki ba.

A bakin titi ta tare tasi. Ta fara yi wa direban bayani ke nan, ya waiwayo ya ce, "Madam, kai mutumin ina ne?"

Jin ya ce mata "kai" maimakon "ke", irin Hausar wajensu, ta san na gida ne. Sunansa Philemon, ɗan Gella, mai furfura a gemu, ya daɗe yana tuƙi a Abuja. Ta ce masa yau ba ta da wurin zuwa sai yawo. An gayyace ta ta ga gari ta ci abinci, kuma abin da za ta yi ke nan.

Ya kai ta gidan namun daji ta ga jimina da raƙumin dawa. Ya kai ta wurin shaƙatawa mai ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, ta cire takalmi ta taka. Ta sa ya mayar da ita kantin nan, ta tsaya gaban matakalar ta dube ta, ta hau, ta sauko, ta sake hawa, hannunta ko ƙarfen bai taɓa ba. Wajen azahar waya ta fara ruri. Eva ce. Margret ta bar ta ta yi ta yi. Saƙonni suka biyo baya, na farko da tambaya, na gaba da magiya, daga baya da zagi. Ko ɗaya ba ta amsa ba.

A tafkin Jabi ta shiga jirgin ruwa. Suna tsakiyar ruwa hawaye ya zo mata ba shiri, ta tuna nauyin Eva a bayanta da yadda ruwan rafi ya kai mata ƙugu. Ta share fuska da bakin zane tun kafin su iso gaɓa.

Daidai lokacin da ta san baƙi sun zazzauna suna jiran abinci, ta ce Philemon ya kai ta inda ake gasa kifi. Aka kawo mata babban tarwaɗa da yaji da soyayyen dankali. Ta ba shi waya ya ɗauke ta hoto tana murmushi, kifin a gabanta. Ta tura wa Eva, ta rubuta a ƙasa: "Na gode da gayyata. Garin naku da kyau." Sannan ta kashe wayar ta cinye kifin tas, har kan. A gidan Philemon ta kwana a Mararraba, ta bar wa matarsa daddawa da kifi da man gyadar, washegari ta kama hanya.

Labari ya riga ta isowa Mubi, don mutanen Michika ba sa rasa ɗan'uwa a tasha. An ce da Eva ta dawo ta tarar da murhu a sanyaye, ita ta ɗaura zane ta tuƙa tuwon da kanta. Ya fito da gudaji, cikinsa ɗanye, miyar kuma tsami kamar an jiƙa tsamiya. Dattawa suka kai loma ɗaya suka ture kwano. Madam Vanessa ta wanke ta tas a gaban jama'a, kuma matan da ke ba ta aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Nehemiah ya saurari komai ya girgiza kai. "Maman Kwaji, abin ya yi yawa. Sana'arta fa kika taɓa."

"Ita me ta taɓa?" in ji Margret. "Da ta ce mini, Magi, zo ki taimake ni, wallahi da kuɗin motata zan je in tuƙa mata har hannuna ya kumbura."



Da Kirsimeti Eva ta zo gida, ta wuce Digil kai tsaye. Matar fasto ta tara su biyu da wasu manya daga ƙungiyar matan zumunta a ɗakin bayan coci don a sasanta. Eva ta rame. Ta yi kuka ta ce an kunyata ta, an kashe mata kasuwa, ita da ta ɗauki Magi kamar 'yar uwa.

Matar fasto ta ce, "Maman Kwaji, me kike so a yi ki huce?"

"Abu ɗaya ne, Mama. Ta faɗa a gabanku abin da ta gaya wa matar nan ni ce. Da bakinta, da Hausa."

Eva ta share hawaye. Ta ce ai maganar kasuwa ce kawai, a Abuja haka ake yi, in ba ka nuna kana da ma'aikata ba ba mai ba ka aiki. Aka yi ta lallashin ta, ta kasa furtawa. Margret ta miƙe ta gyara zanenta ta ce ta bar wake a jiƙe.

Har yau ba su shirya ba. Eva ta koma sayar da kek da lemo daga gida, an ce ta fara farfaɗowa. Kwanakin baya ta aiko wa Margret da atamfa ta hannun wani direba. Margret ta karɓa ta juya ta, ta yaba kyanta, ta ninke ta mayar cikin ledar, ta ce in zai koma ya kai wa mai ita. Direban ya tsaya yana sosa ƙeya. Ta tambaye shi tuwo nawa za a sa masa.