Tsirkiya Ɗai-ɗai

Da bazarar shekarar alif ɗari tara da casa'in da uku, wata ranar Talata da hantsi, ina tsaye a kan kunyar gonarmu ta shinkafa a bakin kanal ɗin ban-ruwa, igiyar gwangwanayen korar tsuntsaye a hannuna, sai ga Yaya Sabi'u ya taho da wani guntun ƙarfe siriri a tafin hannunsa, fuskarsa kamar an yi mutuwa. Tsirkiyar jitarsa ce ta tsinke. Ya ce in riƙe masa gefensa na gonar, zai shiga Kano ya dawo kafin azahar. Ban fi shekara goma sha biyu ba a lokacin, kuma ban san na karɓi aikin da zai cinye mini bazara ba.

Jitar nan irin mai amfani da lantarki ce, ja, duk ta kwarzane. A hannun wani direban motar tumatir ya same ta, tare da akwatin da ke fitar da ƙara. Garinmu kuwa wuta sai an ga dama, don haka da batirin mota yake tayar da ita, ya ɗora shi a keke ya kai caji wajen masu injin casa a Kura. Baba bai taɓa son abin ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa: ya kaɗa abarsa bayan la'asar, amma ranar da ta taɓa gona, ranar za ta bar gidan.

Shinkafa kuwa ta fara nono, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke saukowa kamar hayaƙi. Aikinmu ke nan mu biyu, shi gabas ni yamma. A ja igiya gwangwanaye su yi kuka, a cilla ƙasa da majajjawa, a yi ihu har murya ta dushe. Yaran maƙwabta in sun sami sarari sukan faɗa kanal su yi wanka, su kama tarwaɗa a magudana. Ni ina hangen su daga rumfa, ina gudu tsakanin gabas da yamma, fura tana tsami a ƙwarya ban samu zaman sha ba.

Bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Ya ba mu labari cewa mai shagon da ke Sabon Gari ya ce tsirkiyoyin nan shida sun tsufa tare, gara a sauya su gaba ɗaya. Yaya ya ce wayon 'yan kasuwa ne. "Biyar lafiyarsu ƙalau, sun saba da yatsuna, don me zan zubar?" Ya sayo ƙwaya ɗaya ya ɗaura. Da ya kaɗa, sabuwar ta yi ta tsiwa a sama, tsofaffin suna gunaguni a ƙasa kamar masu mura. Inna tana tankaɗe ta ce ai wannan ba kiɗa ba ne, faɗa ne.

To, ana nan ana nan. Jitar dama a ɗakin taki take kwana, ga laimar fadama, ga gumin hannu, tsatsa ta gama cin su. Yana murɗa su don su daidaita da sabuwar, ta kusa da ita ta tsinke. Ya koma Kano, na koma gudu. Na ce masa don Allah ya sayo duka mu huta, ya ce me mace ta sani game da jita. Har wayar birkin babur ya warware ya gwada, ta yanke masa yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ce ba zai iya jan igiya ba. Ni dai ban san jita ba, amma na san ƙafafuna sun tsage, na san in na kwanta gwangwanaye nake ji a kunnena.

Ranar da ya tafi sayen ta uku, tsuntsayen suka zo ta fuska biyu. In na kore su nan, su sauka can. Na yi ihu, na yi kuka, na jefa har takalmina. Kafin la'asar gefen gabas ya yi fari, zangarniya tsaye babu komai a ciki. Baba ya zo ya murza ɗaya a hannunsa, ya hure ƙaiƙayin, ya dubi ƙafafuna, ya ɗauki laujensa muka nufi gida.

A gida muka tarar da Yaya a gindin darbejiya yana ɗaura sabuwar. Baba ya nufe shi da lauje a hannu. Inna ta fara ba da haƙuri, ni kuwa, Allah ya sani, jira nake in ji ƙarar fashewar katako. Baba ya karɓi jitar, ya duba ta da kyau, ya zura bakin lauje ƙarƙashin tsofaffin ukun da suka rage, ya tsinke su ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa masa abarsa. "Bayan girbi ka je sau ɗaya ka sayo duka. Kafin nan, gabas da yamma naka ne. Yarinyar nan ta gama nata."

Washegari na yi wanka a kanal har idanuna suka yi ja, ina jiyo muryar Yaya daga nesa tana dushewa.

Yau ga ni da jika a baya. Masu hali sun koma shimfiɗa raga a kan shinkafa, yara kuma kiɗansu a cikin waya yake, babu abin da zai tsinke. Yaya Sabi'u ya yi furfura, yana sayar da taki a Bunkure, har yanzu in tayar kekensa ta fashe sai ya yi mata faci a kan faci. Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Haushin bazarar nan bai gama fita daga raina ba, amma da zan sake ganinsa ya shigo da laujen nan, da na yarda in sake gudun.