Fiyanon da Ba Ruwansa da Janareta

Mun tashi da asuba daga Bouar, ni da yayana, a motar da aka cusa mu har numfashi sai da karɓa-karɓa. Neman fiyano ne ya fito da mu. Shi yake kaɗawa a gidajen biki, ni nake waƙa, namu kuwa ya mutu ga bikin 'yar mai unguwa ya matso. In muka ji kunya a can, ba mai sake kiranmu.

Hanyar Bangui kwalta ce, sai dai akwai ramukan da in ka faɗa sai an zura maka guga. A Yaloké muka ci gozo, tuwon rogo, da naman saniyar da nake zargin ta girmi kakata.

A Bangui mun kwana gidan kawu a unguwar Kilomita Biyar. Da safe muka bi Titin Koudoukou, 'yan babur suna goge mana gwiwa, kowa na ciniki da yaren Sango, farashi kuma na tashi da zarar an ji Hausarmu. Kusa da masallaci muka sami shagon wani dattijo mai sayar da kayan kiɗa na hannu.

Fiyano uku ya fito da su. Babban ya kai tsawon makara, maɓallansa da nauyi, sautinsa kamar ana zuba zuma a kunne. Na biyu cike yake da kiɗe-kiɗe, har da ganguna. Na uku ƙarami ne, ya koɗe, gangarsa kamar ana dukan kwano. Yayana ya taɓa babban, ya lumshe ido.

Dattijo ya ce, "Ɗana, kaɗa, ƙaninka ya rera."

Ina tsakiyar baiti dattijon ya zare wayar daga bango, ya mayar.

"Haka janaretan biki yake yi," in ji shi.

Babban ya tsaya ƙifta fitilu kamar mai tashi daga barcin azumi, ni kuma ina ta rerawa tsirara ba kiɗa, masu sayar da atamfa na gefe suna dariya. Da aka yi wa na biyu haka, ya farka da wuri amma ya manta kiɗan, ya kama wani na Turawa. Ƙaramin kuwa, batir ne a cikinsa, bai ma san an yi ba.

Yayana ya ce, "Baba, amma sautin babban..."

"Yana da sauti. Wane ɗan babur ne zai ɗaukar maka shi?"

Ƙaramin muka saya. A cinyata ya zauna har Bouar.

Ranar biki, gwaggonnin amarya na tsakar rawa janareta ya yi tari ya mutu, manyan lasifiku suka yi shiru. Ƙaramin ya ci gaba da dukan kwanonsa, mata suka kama tafi, na ƙarasa baitina.

Abin da na koyo: a garinmu ba a gwada fiyano sai an zare masa waya. Yayana dai har yau hoton babban ne a fuskar wayarsa.